Kirarin Wanda Ba Ya Nan: Sauraron Wata Doguwar Waƙar Pink Floyd a Kura

Gabatarwa

Ranar da na fara jin waƙar da wannan maƙala ta ginu a kanta, ina zaune ne a zauren kawuna a Kura bayan sallar isha'i, ƙafafuna ba su gama rabuwa da taɓon dashen shinkafa ba. Kawu ya yi karatu a Zariya a ƙarshen shekarun 1970, ya dawo gida da kwalin kaset-kaset na Turawa waɗanda har yau ba ya yarda yaro ya taɓa. Ya sa ɗaya a rediyo, ya kishingiɗa. Minti biyu ya wuce, biyar ya wuce, babu muryar ɗan Adam. Na ce, "Kawu, yaushe za a fara waƙar?" Ya ce, "An fara tun ɗazu, kai ne ba ka iso ba."

Waƙar ita ce "Shine On You Crazy Diamond" ta ƙungiyar makaɗan Ingila mai suna Pink Floyd, wadda ta fito a faifansu Wish You Were Here cikin watan Satumba na 1975. Tsawonta kimanin minti 26 ne. Tana cikin nau'in kiɗan rok mai dogon zango, wanda ya ƙi tsarin waƙar rediyo ta minti uku, ya riƙa gina waƙa kashi-kashi kamar babi-babin littafi. An yi ta ne a kan mutum guda, Syd Barrett, tsohon jagoran ƙungiyar, wanda hankalinsa ya rikice a daidai shekarun da ya yawaita shan ƙwayar LSD. Abin da maƙalar ke son tabbatarwa shi ne, kiɗan wannan waƙa da kalmominta ba bakinsu ɗaya ba. Kalmomin kirari ne, suna naɗa wa hasara rawani. Kiɗan makoki ne, yana nuna gurbin da aka bari. Wanda ya saurare ta a Kura, inda ƙwaya ke da farashi da ake biya a gaban idonsa, zai fi yarda da shaidar kiɗan.

Ƙwayar da Alkawarinta

Wani masanin haɗa magunguna ɗan ƙasar Suwizalan, Albert Hofmann, shi ya fara haɗa LSD a 1938 a kamfanin Sandoz da ke birnin Basel, daga wata irin funfuna da ke kama wani hatsi ɗan'uwan alkama. Sai a watan Afrilun 1943 ya gane abin da take yi wa mutum: launuka su riƙa motsi, lokaci ya miƙe ko ya tsuke, iyakar da ke tsakanin mutum da abin da yake kallo ta narke. Bayan shekaru ashirin, matasan Amurka da Ingila suka ɗauke ta daga hannun likitoci, suka ɗora mata alkawari mai girma, wai tana faɗaɗa hankali, tana buɗe ƙofar da tarbiyya da al'ada suka rufe. Littafin Aldous Huxley na 1954 a kan abin da ya gani bayan ya sha wani sinadari makamancinta, da wa'azin Timothy Leary wanda Jami'ar Harvard ta sallama a 1963, su suka ba wannan alkawari kamannin ilimi. Ingila ta haramta ƙwayar a 1966.

A cikin wannan guguwa Pink Floyd ta tashi a Landan a 1965. Barrett, haifaffen Kambirij a 1946, shi ne mawaƙinta kuma makaɗin jitarta, shi ya rubuta mafi yawan waƙoƙin faifansu na farko a 1967. Kafin shekarar ta ƙare ya soma tsayawa a kan dandamali yana kallon sarari, hannunsa na maimaita sauti ɗaya ko ya ƙi motsi gaba ɗaya. Aka kawo David Gilmour ya tallafa masa. Wata rana a Janairun 1968, a hanyarsu ta zuwa wasa, abokansa suka yanke shawarar kada motar ta biya ta ɗauke shi, kuma a watan Afrilu aka sanar da rabuwarsu. Waɗanda suka san shi ba su haɗu a kan dalili ɗaya ba: wasu sun ɗora wa ƙwayar laifin duka, wasu sun ce ta zuga wutar da dama tana ci ne a ƙarƙashin toka. Ya fitar da faifai biyu nasa na kansa a 1970, daga baya ya koma Kambirij, ya zauna yana zane da aikin lambu har ya rasu a 2006.

Zubi da Tsari

Mai nazarin waƙar baka ta Hausa ya saba da neman gindin waƙa tun da fari, domin shi ne ke riƙe da ɗiyanta, shi jagora da 'yan amshi ke komawa gare shi. A nan kunne zai yi ta lalube bai samu ba. Waƙar na buɗewa ne da sauti guda mai nauyi da aka riƙe a fiyanon lantarki, a ƙarƙashinsa kuma akwai siririyar ƙarar da ake samu idan aka zagaya jiƙaƙƙen yatsa a bakin kofin gilashi. Babu ganga, babu bugun da ƙafa za ta bi. Sai wajen minti na huɗu Gilmour ya saki sauti huɗu a jita, ya yi shiru, ya sake su. Na huɗun ba ya sauka a inda kunne ke jiransa, yana tsayawa ne a rataye kamar sallamar da ba a amsa ba. Waɗannan sautuka huɗu su ne gindin waƙar na haƙiƙa, kuma an ruwaito cewa jin su ne ya tuna wa Roger Waters da Barrett har ya rubuta kalmomin.

Muryar Waters ba ta shigowa sai bayan minti takwas. A cikin minti 26 ɗin nan, lokacin da ake rera kalmomi bai kai minti biyar ba. Wannan rowar magana ita ce babbar dabarar waƙar. Manomin da gonarsa ke can ƙarshen kanal ya san cewa buɗe ƙofar ruwa daban, isowar ruwa fangalinsa daban, kuma a tsakanin biyun babu abin yi sai kasa kunne. Haka waƙar ke yi wa mai sauraro. Tana hana shi abin da ya zo nema har sai ya soma jin abubuwan da bai saba kulawa da su ba: yadda sauti ke mutuwa a hankali, nisan da ke tsakanin bugu da bugu, numfashin kansa. Idan akwai faɗaɗar hankali a wannan waƙa, to a nan take, kuma jira ne ya kawo ta.

Waƙar kashi tara ce, amma ba a jera su wuri ɗaya ba. Biyar na farko sun buɗe faifan, huɗu na ƙarshe sun rufe shi, waƙoƙi uku kuma sun shiga tsakani, biyu daga cikinsu zambo ne ga 'yan kasuwar waƙa masu tatsar mawaƙa. Wato an tsaga waƙar gida biyu kamar yadda rayuwar mutumin ta tsage. Rabin farko ya ƙare da busar saksafon ta Dick Parry, wadda ke daɗa sauri har ƙarar inji ta haɗiye ta. Rabin na biyu ya buɗe da hucin iska, jita kuma ta riƙa hawa tana kuka har ta kai inda ba ta da sauran wurin hawa. A nan ne kaɗai kiɗan ya kwaikwayi rikicewar hankali, kuma bai yi mata ado ba, abin da ake ji tsoro ne. Kashi na tara na Richard Wright ne, tafiyarsa tafiyar masu rakiyar gawa. A daƙiƙoƙin ƙarshe Wright ya ɗan taɓa karin wata waƙar Barrett ta 1967, "See Emily Play", ya bar shi ya ɓace. Barrett bai bayyana a waƙar da aka yi dominsa ba sai a wannan ɗan gutsure, a bakin ƙofar fita.

Kalmomin: Kirari a Bakin Bature

Da murya ta shigo, Bahaushe zai gane salon nan take. Mawaƙin na magana ne da Barrett kai tsaye. Yana tuna masa hasken ƙuruciyarsa, yana gwama shi da duhun da ya gani a idanunsa daga baya, sannan a ƙarshen kowane ɗa sai ya jero masa laƙabi bayan laƙabi, 'yan amshi mata biyu na ɗaga muryar. Wannan kirari ne, ko da marubucin bai san sunansa ba. Sunan waƙar ma kirari ne: ana umartar wani lu'ulu'u mai taɓin hankali da ya ci gaba da sheƙi.

Kirari a al'adarmu kira ne. Masu nazarin bori sun daɗe da bayyana cewa kowane iska yana da takensa da kirarinsa, kuma mai garaya kan yi ta maimaita su har wanda ake kira ya sauka a kan dokinsa. Ɗan dambe ma ana yi masa kirari ne don ya taso. Pink Floyd sun kira nasu, ya kuwa zo. Ran 5 ga Yunin 1975, ana cikin aikin faifan a ɗakin naɗar waƙa na Abbey Road, wani mutum mai ƙiba, wanda ya aske kansa da girarsa, ya shigo ya zauna. An ɗauki lokaci kafin abokansa su gane Barrett ne. Babu wani sharhi da zai fi wannan aukuwa tona raunin kalmomin. Mutumin da ke cikin kirarin da mutumin da ya shigo ɗakin sun yi nisa da juna har masu kirarin ba su shaida shi ba.

Raunin ya fito ne daga laƙaban da aka zaɓa. Akwai wanda ya ɗauke shi a matsayin mai shan wuya saboda aƙida, akwai wanda ya mai da shi mai hangen abin da ke ɓoye, ɗa na biyu kuma ya nuna cewa laifinsa shi ne ya miƙa hannu ga wani sirri kafin lokaci ya yi. Duk wannan yana tabbatar da alkawarin su Leary ne ta bayan gida: akwai sirri a can, ƙwaya ce hanyarsa, Barrett ya yi gaggawa ne kawai. Saurayin da ya ji haka ba zai ji gargaɗi ba, zai ji cewa akwai wata daraja a irin wannan faɗuwa. Sannan kalmomin sun ɗora nauyin abin a kan shahara da masu kallo daga nesa, ba su ambaci motar da ta wuce ba ta tsaya ba.

Mu a Kura mun san yadda ake samun sheƙi. Rawanin ɗan Kura da Buzaye ke alfahari da shi yana ƙyalli ne saboda an zuba masa shuni an yi ta dukansa da mabugi a kan gungume. Mai saye a Agadas yana ganin ƙyallin, ba ya jin ƙarar mabugin. Faifan nan ya hau matsayi na ɗaya a kasuwar Ingila da ta Amurka, miliyoyin mutane sun ji daɗin sheƙin, wanda ya sha bugun kuwa yana ɗaki shi kaɗai. Adalci dai ya wajaba a yi wa marubucin. Laƙabi na ƙarshe a ɗa na biyu na ɗaurarre ne, kuma a ɗa na uku mawaƙin ya yarda cewa shi ma yana iya bin sahu. A waɗannan wurare biyu kirarin ya sunkuyar da kai, ya kusanci abin da kiɗan ke faɗi tun farko.

Kwatanci da gida zai ƙara fito da batun. Dokta Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, yana da waƙarsa sananniya "A Sha Ruwa Ba Laihi Ba Ne". Sunanta kaɗai ya bayyana matsayinta, kalangu da murya kuma duk hanya ɗaya suka nufa, ta nishaɗi. Mai sauraro ya san inda mawaƙi ya tsaya, yana iya yarda, yana iya ƙi, malamai kuwa sun san abin da za su mayar wa martani. Waƙar Pink Floyd ta fi wuyar kamawa, domin ta sa tufafin ta'aziyya, kuma ba a musu da mai ta'aziyya. Yabon da ya shigo a cikin hawaye ya fi saurin shiga zuciya fiye da wanda ya shigo da kalangu.

Daga Landan Zuwa Bakin Kanal

A 1974, shekarar da Pink Floyd suka fara kaɗa wannan waƙa a gaban jama'a a Faransa, aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a zamanin Gwamna Audu Baƙo. Ruwanta ne ya mai da Kura da Bunkure da Garun Malam ƙasar da ba ta san hutun rani ba: shinkafa, alkama, tumatir, albasa, wani na fita wani na shiga. Inda aiki ba ya yankewa, jiki ma ba ya hutawa. Mai aikin jinga ana biyansa ne gwargwadon faɗin da ya dasa ko ya yanka, kuma dashen shinkafa sunkuye ake yin sa a cikin ruwa tun hantsi har la'asar.

A nan ne alkawarin ƙwaya ya sauya kama. Ɗalibin Landan na 1967 ya sha don ya ga abin da ido ba ya gani. Leburan gona yana shan tiramadol don kada ya ji abin da bayansa ke gaya masa. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a Janairun 2019, ya ƙiyasta cewa 'yan Nijeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da kayan maye a cikin shekara guda, miliyan 4.6 daga cikinsu magungunan kashe zafi ne irin su tiramadol da kodin. A watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin, bayan wani rahoton BBC. Abin da ke sa gane-gane ma muna da namu tun kafin Hofmann. Zaƙami na tsirowa a juji da bayan gari, kuma sunansa na biyu, haukata yaro, ya nuna cewa kakanninmu ba su taɓa ɗaukar abin da yake nunawa a matsayin ilimi ba.

Ina da abokin tasowa wanda ba zan kama sunansa ba. Shi ne mai ba da waƙa idan muna dashe, yana ƙirƙirar ɗiya nan take a kan mai gona da rowarsa, mu kuma muna amshi muna dariya. Ya fara da ƙwaya biyu da safe don ya gama jinga biyu a yini. Daga nan wiwi ta shigo, sannan wata rana a wajen biki aka jiƙa zaƙami ya sha. Yau yana zama a bakin kanal yana kallon ruwa, idan na yi masa sallama wani lokaci ya amsa, wani lokaci ya dube ni kamar baƙo. Babu wanda ya taɓa kiransa lu'ulu'u. Manya na cewa ɗan ƙwaya, yara na cewa mahaukaci.

Da na koma ga waƙar bayan wannan, sai na ga ta tona mana namu raunin. Kalmomin Waters sun ɗaga Barrett sama har ba a ganin mutumin. Harshenmu na yau da kullum kuwa ya kan tura irin abokina ƙasa har shi ma ba a ganinsa. Mafi yawan abin da nake ji a kan 'yan shaye-shaye, a waƙa ko a hira, wa'azi ne ko zambo, kuma dukansu suna da amfaninsu, amma ba kasafai nake jin wanda ya tsaya ya ce an yi rashi ba, cewa wannan da ke zaune a ƙura shi ne mai ba da waƙarmu. Wannan aikin kiɗan ya yi. Sautukan nan huɗu ba su yabi Barrett ba, ba su zage shi ba. Sun yi sallama, sun bar masa wurin amsawa, suka kuma jure shirun da ya biyo baya har tsawon minti 26.

Kammalawa

Wannan nazari ya nuna cewa "Shine On You Crazy Diamond" waƙa ce da ta fi ƙarfi a inda ta rufe baki. Tsarinta, da jinkirinta, da tsagewarta gida biyu, da ɗan gutsuren karin Barrett da ta ajiye a ƙarshe, duk sun isar da jigon rashi ba tare da ƙari ba. Kalmominta kuwa, duk da kyawunsu, sun gaji wani abu daga alkawarin zamaninsu, sun bar ƙofa a buɗe ga mai son ya ɗauka cewa gushewar hankali wani mataki ne na sani. Kiɗan ya rushe wannan da kansa, tunda ya kai mai sauraro ga irin natsuwa da faɗin ji da aka ce sai da ƙwaya, kamar yadda masu bandiri a zawiyoyin Ƙadiriyya na Kano suka san cewa dogon maimaici kaɗai ya isa ya sauya halin zuciya.

Darasin ga mawaƙanmu na tsari ne. Muna da kirari, muna da zambo, muna da wa'azi, muna kuma da marsiyyar mamaci. Abin da ke jiran mai yi shi ne makokin wanda yake raye amma ba ya nan, kuma kayan aikinsa suna hannunmu: goge da gurmi da sarewa duk sun iya jan sauti su bar gurbi. Na taɓa kunna wa abokina waƙar a waya a bakin kanal. Bai ce komai ba har aka zo sautukan nan huɗu. Da suka maimaita karo na uku sai na ji ya bi su da muryarsa ƙasa-ƙasa, daidai, har da na huɗun da ba ya sauka. Daga nan ya mai da idonsa kan ruwa, ni kuma na bar waƙar ta kai ƙarshe.